Ramuka a Jikin Tef

Da safiyar wata Laraba ta 1976 aka kira Sufeto Hermógenes Quiroga ofishin rajistar haihuwa a gefen Medellín. Sunayen jariran da aka haifa cikin shekara talatin, da ke kan katuna masu huji, an gama kwashe su zuwa tef ɗin kwamfuta. Ranar Juma'a za a ƙone katunan. Sai ga shi wani ya lalata tef ɗin.

Nicanor, mai kula da kwamfutar, yana ta kurɓar kofi abinsa.

"Ajiye kofin nan, ba gidan ubanka kake ba," in ji Sufeto. "Wa ke da makulli?"

"Ni da Doña Eulalia, mai huda kati."

Sufeto ya warware tef ɗin. Ramuka ne ƙanana masu kusurwa huɗu, a jere, kamar ɗinkin amarya.

"Kai ka yi?"

"Haba yallaɓai! Maganaɗisu zan goga masa, minti ɗaya ya shafe. Wane mahaukaci zai zauna yana huda tef?"

Doña Eulalia tana ɗakin baya, tsakanin akwatunan katunanta. Da Sufeto ya shiga, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ban taɓa sa ƙafa a ɗakin sanyin nan na kwamfuta ba. Tambayi wancan mai gashin akuya."

Sufeto ya zazzage ƙarfen da take huda kati da shi a tafin hannunsa. Cikin ɓarɓashin farar takarda akwai wasu masu ruwan ƙasa irin na tef, suna sheƙi.

"Inna, yaushe kati ya fara sheƙi?"

Ta ɗago kai.

"Ni ce. To sai me? Da yatsun nan na huda sunan kowane yaro a garin nan. Ɗana da ya kwana tara a duniya yana akwati na sha huɗu. Kati in ka ɗaga shi a haske ka ga mutum. Wannan igiyar me ake gani? Yanzu dai ba su isa su ƙona ba."

Nicanor ya yi tsaki daga bakin ƙofa.

"Tsohuwa, wa ya ce miki tef ɗaya ake yi? Uku na kwafa tun Litinin."

Ta dube shi, ta dubi akwatunan. Da kanta ta miƙa hannu aka sa ankwa.

Suna fita, ma'aikata biyu suka shigo da baro don kwashe katunan da za a ƙone.