Ramuka a Filin Dashe

Sufeto bai ko ajiye hularsa ba wata ɗaliba ta faɗo ofishin, takalmanta duk laka, idanunta sun yi jawur.

"Yallaɓai, an sace mana bishiyoyi."

Kofur, da ke bakin teburin karɓar ƙara, ya ƙunshe dariya. Sufeto ya watsa masa harara.

"Sarewa aka yi, 'yata?"

"Tonewa aka yi. Mangwaro da lemo, fili guda. Shekara biyu muna ba su ruwa."

Ita ce shugabar ƙungiyar kare muhalli ta ɗaliban jami'a. Ƙawayenta na kiranta Uwar Bokiti, don ba a ganinta sai da bokitin ruwan ɗauraya a hannu, ta nufi bayan ɗakunan kwana. Ta ce kowane ɗaki ya ɗauki bishiya guda yana raino.

"A wannan zafin, in ba su koma ƙasa da wuri ba, sun mutu. Ni ɓarawon bai dame ni ba, Yallaɓai, bishiyoyin nake so."

Sufeto ya gyara zaman hularsa, suka nufi jami'ar.

Filin ya zama ramuka a jere. Sufeto ya tsugunna a bakin ɗaya. An yanka shi da shebur tsaf, kusurwa huɗu. Kejin wayar da ake kare dashen daga awaki kuwa an tara su gefe guda, har an ɗaure da igiya.

"Kofur, ka taɓa ganin ɓarawon da ya gama sata ya tsaya kintsa wuri?"

"Sai dai in matarsa ce ta hore shi, Yallaɓai."

"Har robobinmu sun kwashe," in ji Uwar Bokiti. Ta yi bayani cewa a gindin kowace bishiya sun binne robar ruwa mai ƙananan huji, in an cika ta sai ta riƙa tsatsafo wa saiwa a hankali.

Daga nan Sufeto ya shiga uku. Ofishin tsaron jami'a suka ce maganar ta sashen kula da ɗalibai ce. Can aka ce ta sashen ayyuka ce. A sashen ayyuka wata sakatariya ta ce oganta na taro, taron kuma a kan yadda za a rage yawan taro ne. Rana ta take, gumi ya jiƙe masa riga, kuma duk ƙofar da aka rufe masa sai ya tuna akwai saiwoyi a wani wuri suna bushewa. Ransa ya ɓaci matuƙa.

A ƙarshe suka samu Daraktan Cibiyar Kare Muhalli, wani farfesa mai taushin murya. Na'urar sanyaya ɗaki biyu ke aiki a ofishinsa. Bango cike da hotunansa, ko'ina yana riƙe da shebur mai kintinkiri yana murmushi.

"Abin takaici ne," in ji Farfesa. "Mutanen gari ne, ba ko shakka. Za mu kafa kwamiti."

"Yaushe kwamitin zai zauna?"

"Bayan gobe. Gobe masu ba mu tallafi za su zo buɗe sabon ginin cibiya." Ya juya ga Uwar Bokiti. "Ke kuma, wa ya ba ki izinin kawo mana 'yan sanda? Za ki yi bayani gaban kwamitin ladabtarwa."

"Ranka ya daɗe, da ni za ka yi magana," Sufeto ya katse shi. "Jami'a ba ta da tankar ruwa ne, yara ke ɗaukar bokiti?"

"Muna da ita. Ta lalace tun bara."

Suna fitowa Sufeto ya ja tsaki, ya ce a kai shi garejin jami'a.

Tankar na nan a inuwa, direbanta, wani dattijo mai furfura, yana kwance a benci. Sufeto ya ɗora tafin hannu a kan murfin injin, ya janye da sauri.

"Baba, motar da ta lalace tun bara ce ke ƙona hannu?"

"Rana ce, ranka ya daɗe."

"A inuwa? Wannan ɗanyar lakar a taya fa?"

"Wanke ta na yi."

"Da laka kake wanke mota?"

Dattijon ya yi tsuru-tsuru. Ya dubi Kofur, ya dubi ƙasa.

"Ni bakin aikina nake tsoro, ina da iyali. An ce in kai ruwa sabon gini safe da yamma, kuma in rufe bakina."

"Wa ya ce?"

"Wanda zai iya korata, ranka ya daɗe."

Uwar Bokiti ta dafe ƙirji. "Baba! Sau nawa na durƙusa maka kan tankar nan?"

Bai iya haɗa ido da ita ba.

Sabon ginin gilashi ne sama da ƙasa, an kewaye shi da kwanon rufi don kada a gani kafin ranar buɗewa. Mai gadi ya fara gardama, Kofur ya matsar da shi gefe.

Ga su nan. Mangwaro da lemo, shar da su, kowace a cikin tukunyar siminti mai sabon fenti, an ɗaura mata jan kintinkiri. Uwar Bokiti ta ƙame a tsaye.

Ba a jima ba motar Farfesa ta tsaya, ya fito yana huci.

"Wannan wuce gona da iri ne! Waɗannan daga gidan raino muka sayo su."

"Wane gidan raino?"

"Sai na duba takardu."

"Kada ka wahalar da kanka."

Sufeto ya naɗe hannun riga, ya cusa hannu cikin ƙasar tukunya ta farko, ya lalubo, ya zaro wata roba mai huji-huji. Ya goge ta da yatsa. An rubuta a jikinta da baƙin alƙalami: Ɗaki na Tara, kada a taɓa mana.

"Gidan rainon naku har da ɗakunan kwanan 'yan mata?"

Farfesa ya dubi robar. Sai ya zauna a bakin tukunyar, ya cire tabarau.

"Aro na yi," ya ce a hankali. "Wallahi aro ne. Mun yi wa masu tallafi alkawarin lambu, gilashi da na'urori suka cinye kuɗin duka. In suka zo suka ga fili tas, sun janye, cibiyar ta rufe. Na ce leburori su tono su, in baƙi sun tafi a mayar. Wa zai sani? Don muhallin nake yi."

Uwar Bokiti ba ta saurare shi ba. Ta kama gindin wani mangwaro ta ja kaɗan, sai ya taho mata a hannu ba wuya, kamar an zare sanda daga yashi. Babbar saiwar babu ita. An datse ta da adda, ga sawun yankan fari fat.

"Tukwanen sun yi ƙanana," in ji Farfesa. "Dole aka rage wasu."

Ta ja na biyu, haka. Na uku da saiwarsa. Na huɗu babu. Sai ta durƙushe a wurin ta fashe da kuka, tana rungume da bishiyar da ganyenta ke kore alhali ta riga ta mutu.

Sufeto ya ji kamar ya shaƙe mutumin. Ya haɗiye fushinsa da ƙyar.

"Farfesa, ina kama ka da laifin sata, da ɓarnata dukiya, da yi wa ɗan sanda ƙarya. Kofur, sa masa ankwa."

"Baƙina fa gobe?"

"Sai ku kafa kwamiti."

Da aka sa Farfesa a bayan motar 'yan sanda, Kofur ya matso yana sosa ƙeya.

"Yallaɓai, ka san ƙa'ida. Kayan shaida sito ake kai su, sai kotu ta zauna."

Sufeto ya san siton: ba taga, ba iska, tsofaffin babura ne a ciki da ɓeraye. Ya kuma san kotu ba ta sauri don mangwaro. Ya dubi yarinyar. Ta share hawaye, ta fara ware masu saiwa gefe guda, ba su kai rabi ba.

"Masu rai a mayar da su raminsu yanzun nan, ƙarƙashin kulawar mai ƙara. Ka ce wa Baba direba ya biyo su da tankarsa. In an tambaya, ni na ba da umarni."

"Sauran fa, Yallaɓai?"

"Waɗanda suka mutu ka loda su a mota, kusa da Farfesa. Kada ka cire musu kintinkirin. Su za mu nuna wa alƙali."