Fil Ɗin da Na Ɓoye a Aljihu

Babana Sabo bakanike ne a Jega. Ya rasu shekarar da aka ba mu Jihar Kebbi, ina aji shida. Ƙanensa, Baffa Arzika, ya riƙe garejin. Ni kuma kullum aka tashi makaranta can nake zuwa.

Baba ya bar wani tsohon gwangwani. Duk abin da aka kwance daga mota, a ciki ake sa shi. Yakan ce, "Mota ba ta tashi sai gwangwani ya koma wofi."

Wata Asabar Malam Rufa'i ya kawo motarsa. Direba ne daga Aliero, abokin Baba. In ya karya kwana sai ƙafafun gaba su yi ƙas-ƙas-ƙas.

Baffa ya leƙa ƙasa ya ce, "Shaf ɗinka sun ci, duka biyu. Su ka juya ƙafafun. Sai mu canza su."

"Ku hanzarta," in ji Malam Rufa'i. "Gobe da swahe zan kai mata wurin bikin suna a Liba, can wajen Maiyama."

Muka ɗaga mota da jak. Baffa ya zare tsofaffin shaf, ya sa sababbi. Ya gama ɓangaren dama, sai aka kira shi duba wata mota.

Ya ce mini, "Ɗaure babban noti na hagu. Ka sa fil, shi ka hana noti kwancewa."

Na ɗaure noti da dukan ƙarfina. Malam Rufa'i ya yi dariya ya ce, "Kai, ɗan Sabo! Hannun ubanka ke nan." Kaina ya kumbura. Na mayar da taya da sauri don ya ƙara yabona.

Da muka sauke mota, na ɗauki gwangwani. Wani abu ya yi ƙara a ciki. Fil ne.

"Gwangwani wofi?" in ji Baffa daga nesa.

Malam Rufa'i yana kallona da murmushi. Kunya ta kama ni. Na jefa fil a aljihu.

"Wofi, Baffa," na ce.

Washegari da safe Inna tana wanki, ta kira ni. Fil ɗin yana tafin hannunta.

"Mi ne ne wanga?"



"Shekara ashirin ina wanke kayan ubanka," ta ce. "Ban taɓa samun ƙarfen motar wani cikin aljihunai ba. Na wa ne?"

Na fashe da kuka, na faɗa mata komai. Ba ta doke ni ba. Ta ce, "Ruga wurin Baffanka. Kukan ya jira."

Na ruga na faɗa wa Baffa. Ya ɗauki sifana da jak, ya ɗora ni bayan babur, muka bi hanyar Maiyama.

Kafin mahaɗar Liba muka hango motar a gefen titi. Mata suna tsaye ƙarƙashin wata bishiyar bedi da jarirai a baya. Malam Rufa'i ya ji ƙafar motar ta hagu tana rawa, ya tsaya. Ba wanda ya ji ciwo.

Wata tsohuwa tana cewa, "Tun da Sabo ya kau, garejin nan ya mutu."

Na ga Baffa yana shirin ɗaukar laifin. Sai na matsa gaba.

"Gwaggo, ba garejin ba ne. Ni ne. Na manta fil, kuma na ɓoye."

Na buɗe hannuna kowa ya gani. Malam Rufa'i ya dubi fil ɗin.

"Ubanka ma ya taɓa mantuwa," ya ce. "Amma shi, da ƙafa ya biyo ni har tasha yana kirana. Taho ka gyara."

Baffa ya ɗaure noti. Ni na zura fil, na lanƙwasa bakinsa. Tsohuwar ta leƙa ta ce, "To, a sa masa ido, kar ya tafi da tayar a aljihu!" Kowa ya yi dariya, har da ni.

Har yau gwangwanin Baba yana garejinmu. Kowa yana mantuwa. Amma in ka yi kuskure, faɗi nan take. Kunyar faɗa ƙarama ce, ta ɓoyewa ita ce babba.