Dalar Da Aka Goge Da Toka

Ranar Laraba da hantsi aka buga waya ofishin 'yan sanda daga Pleasant Garden, kusa da birnin Greensboro na Amurka, wai an yi sata a gidan Alhaji Daouda, tsohon direban babbar mota, mutumin Dosso. Aka tura Abdul-Razak, ɗan zangon Kumasi, wanda duk Hausawan Greensboro ke kira Insfekta.

Ya tarar da gida ya kacame da hidima. Ranar Asabar za a ɗaura auren Leïla, 'yar autar Alhaji, da wani saurayi mai suna Nashiru. Mata na suyar cincin a kicin, Alhaji kuwa yana tsakiyar falo ba hula, rungume da akwatin katako.

"Insfekta, an fasa aure! Ba zan ba ɓarawo 'yata ba."

"Sannu, Baba. Me aka ɗauka?"

Alhaji ya buɗe akwatin. Tsofaffin dalolin azurfa ne a jere, kowace cikin gidanta na roba. Tun da ya ajiye tuƙi ya kamu da son tara su. Gida ɗaya ne babu komai ciki, gefensa a fashe.

"Uwar garken ce. Dalar Morgan ta 1889, mai harafin CC a ƙarƙashin mikiya. Ta yi duhu kamar gindin tukunya."

"Kuma duhun ba aibi ba ne?"

"Duhun ne darajarta, yaro! Bon, saurara. Mai fara tara dala ya fara da masu araha. Ya sayo a shagon da aka sani. Ya gwada da maganaɗisu, don azurfa ba ta kamawa. Ya riƙe ta a gefe, ba a fuska ba. Babbar doka kuma, kada ya kuskura ya goge ta."

"Wa ka koya wa wannan?"

"Nashiru. Duk Lahadi a gareji, muna shan shayi. Shi ya san wadda ta fi tsada."

Insfekta ya juya fasasshen gidan robar a hannunsa. Da wuƙa aka ɓalle shi.

A bakin ƙofa ya samu Nashiru, fuska duk ta faɗa.

"Ka shiga ɗakin Alhaji jiya?"

"Ban shiga ba, yallaɓai."

Leïla ta leƙo daga kicin ta jefa masa magana da Turanci, sannan ta koma Hausa: "Ka faɗi gaskiya mana! Ni na buɗe maka ƙofa."

Nashiru ya sunkuyar da kai. "Na shiga. Dala na sayo wa Baba kyauta, na saka a akwatin don ya tarar da ita ranar aure. A lokacin tasa tana nan."

Aka sake duba akwatin. Ga wata dala a kusurwa, sabuwar shiga, cikin gidanta tsaf. Alhaji ya daɗe yana kallonta, amma ya dake.

"Mai ajiyewa yana iya ɗauka," in ji shi.

A gareji akwai Malam Zakaria, taubashin Alhaji, wanda ya zo biki daga wani gari ya yi zamansa. Shi ne mai dafa shayi a kan ɗan murhun gawayi a bakin ƙofa.

"Insfekta, zo ka sha na farko," ya ce yana dariya. "Wannan bawan nawa ya haukace. Mutum ya tara kuɗin da ba ya sayen ko burodi!"

"Kana zama in yana koyar da Nashiru?"

"Ni? Da ya fara nake yin barci."

"Yau da safe ka fita?"

"Ƙafata ba ta taka waje ba."

Insfekta ya sha shayin, ya yi godiya, ya hau mota ya nufi titin Gate City Boulevard, shagon wani dattijon Bature mai sayar da tsofaffin kuɗi. Ko tambayarsa bai ƙarasa ba, mutumin ya dafe kai.

Ya ce da buɗe shago wani mai hula da takunkumin fuska ya kawo masa dalar, tana ƙyalli kamar madubi, fuskarta duk zane-zanen gogewa. Baturen ya ce saura kaɗan ya yi kuka. Ya gaya masa ya kashe mafi yawan darajarta, mai hular ya fusata ya fice da ita. Abu ɗaya ya riƙe: hannun mai hular na ƙamshin lemon tsami.

Da la'asar Insfekta ya tara kowa a gareji. Ya tsuguna gaban murhun.

"Hajiya," ya ce wa Ousseina, matar Alhaji, "a gida da me ake wanke awarwaron azurfa?"

"Toka da lemon tsami mana. Kowa ya sani."

"Malam Zakaria, shayinka na'a-na'a kake sa masa. To ɓawon lemon nan da ke bayan murhu na mene ne? Wa kuma ya kwashi toka da cokali?"

"Mura nake yi."

"Allah ya sawwaƙe. Nashiru, in ka saci dala, za ka goge ta?"

"Wa'iyazubillahi! Ko daga gidanta ba zan fitar da ita ba."

"Ka ji, Baba. Wanda ya yi wannan aiki ya ji tana da tsada, amma ya yi barci kafin a zo kan babbar doka. Malam, miƙo mini gwangwanin sukarin nan da kake ta karewa."

Zakaria bai motsa ba. Insfekta ya zazzage gwangwanin a faranti. Dala ta faɗo, ƙil, tana walƙiya.

Alhaji ya ƙwalla salati, ya zube a kujera.

"Sharrin shaiɗan ne," in ji Zakaria. "Na ga ta yi datti, na ce in na gyara ta Bature zai ƙara kuɗi. Daouda, tsakaninmu ai akwai wasa."

"Wasan taubashi a baki yake, ba da wuƙa a akwatina ba! Har ka bari na zargi yaron mutane!"

Insfekta ya riƙe hannun Zakaria ya kai shi mota. Suna tafiya yana ta mita: "Ni dai har yanzu gani nake ta fi kyau a haka."

Alhaji ya sa hularsa, ya kamo hannun Nashiru. "Ka yafe mini, ɗana. Asabar tana nan daram." Guɗa ta tashi daga kicin.

Hajiya Ousseina ta ɗauki dalar, ta ɗaga ta a haske.

"Alhaji, tunda ta lalace, a ba amarya. Wallahi shekara da shekaru hannuna ke ƙaiƙayin in goge ta."

Alhaji ya dube ta, ya dubi akwatin, sannan ya tura shi da sauri cikin hannun angon.

"Nashiru, sa wannan a motarka. Yanzu-yanzu."