Sunaye a Gindin Tsamiyar Dungu

Dab da magariba Hajiya Basira ta aiki ɗanta Munkaila zuwa ƙauyen Dungu ya karɓo mata nono. Ya hau babur yana gunaguni, wai ta katse masa karatu.

Munkaila makanike ne a tashar Matameye, ya ƙwallafa rai sai ya je Japan aiki. Jarrabawar tafiyar tana buƙatar haruffansu da ake kira kanji, sama da dubu, kowanne kamar tonon kaza. Dabarar da ya samo a waya ita ce ya ƙulla wa kowane harafi labari da wani wanda ya sani. Shi kuwa ya gano labarin mugunta ya fi zama a kai. Harafin makanta, mutuwa ce a bisa ido, ya ba ƙanwarsa Najaha mai yi masa dariya. Harafin ɗauri, mutum ne cikin akwati, ya ba Inusa abokin aikinsa.

A gindin wata tsamiya ta hanyar Dungu yake bita. Ya zana a yashi da tsinke, ya faɗi sunan mutumin da ƙarfi, ya tafi bai share ba. Kowa a garin nan ya san ba a barin sunan mutum a gindin tsamiya, amma shi ɗan lakwal ne mai ilimin boko, ya fi ƙarfin wannan.

Najaha ta wayi gari ba ta gani. Inusa ya rufta tsohuwar rijiya, sai gawarsa aka ciro. Munkaila ya sha kuka, ya ci gaba da karatu.

Ranar nan da aka aike shi karɓo nono, babur ya mutu daidai tsamiyar.

Ba iska. Kukan tsuntsaye ya ɗauke. Wari ya taso, kamar gashi a wuta. Ya haska ƙasa da waya: duk zanensa na wata uku yana nan, ko kofaton saniya bai taɓa shi ba.

Wata tsohuwa na tsugune, ta ba shi baya, tana bin zanen da yatsa. Yatsan ya kai tsawon muciya.

"Malam, mun gama biyu," ta ce cikin raɗa. "Yanzu sai na jiya."

Na jiya harafin mantuwa ne, mutuwa a bisa zuciya. Cikin fushi ya zana shi, don an aike shi ɗibar ruwa.

"Karatu nake, Iya. Wasa ne."

"Da ƙarfi ka ce Basira. Mun ji."

Ya sa ƙafa zai share. Yashin ya daskare kamar siminti.

Ta fara juyowa.

Ya yar da babur ya zura da gudu, numfashi mai sanyi na bin ƙeyarsa har bakin gari.

Ya tarar da Hajiya a tabarma da buta a hannu. Ta dube shi da fara'a.

"Sannu, bawan Allah. Wa kake nema?"

Munkaila ya ci jarrabawa, ko harafi ɗaya bai kuɓuce masa ba. Bai tafi ko'ina ba. Kowace safiya shi ke kai wa Hajiya kunu, ta yi godiya irin ta baƙo, sannan ta tambaye shi ko ya haɗu da ɗanta a hanya. Ta aike shi Dungu karɓo nono, har yanzu bai dawo ba.