Adireshin Madu

Na ƙura wa fuskar kwamfuta ido.

Adireshin wayar Madu ne a cikin na'urorin da suka hau layin intanet ɗinmu. Madun da aka binne tun farkon damina.

Na kashe rawutar, na'urar da ke raba intanet ɗin, na sake kunnawa. Ya dawo...

Bayan la'asar ne, an tashi yara daga Islamiyyar Babana, ba kowa a ajin sai ni. Ta taga gero kawai nake gani, ya fi mutum tsawo, ya kewaye makarantar har bakin hanyar Tsanyawa. Ko iska ba ta motsi.

Ni da Madu muka haɗa layin nan, shi ne aikinmu na shekarar ƙarshe a jami'a. Malaminmu ya ce mu nemi wuri na gaske mu tsara masa, ni kuwa na kawo makarantar Baba. Muka raba adireshin na'urori gida-gida, abin da muke kira sabnet, na malamai daban, na ɗalibai daban. Da guntu ya rage, sai Madu ya yanki wani ɗan ƙarami mai ɗaukar na'ura biyu kacal, ya ɗaure ɗaya da wayarsa, ɗaya da kwamfutata.

"Ɗakinmu na farko ke nan, Khairiyyata," ya ce, bai ko ɗago kai ba.

Da ya ɗago, ya ga amsar a fuskata.

Da farko Baba ya so shi. Sai Muntaka, ɗan yayan Baba da ya daɗe yana nema na, ya shiga tsakani. Ya ce su Madu baƙi ne daga Barno, ba a san asalinsu ba, alhali a Dawakin Tofa aka haifi uban Madu. Ya ƙara da cewa kulle kanmu muke a aji mu biyu. Baba ya hana Madu zuwa. Ba a daɗe ba motar da Madu ya shiga daga Kano ta yi hatsari, ya rasu. Ko gaisuwa ba a bar ni na je ba.

Abin da ya fi razana ni shi ne na san karatuna. Adireshin nan na cikin gida ne. Rawutar ce ke fassara su duka zuwa adireshi guda in za a fita intanet, daga waje kuma ba mai iya shigowa da shi, ko daga Kano ko daga ina. Sai dai in wayar tana nan kusa, inda layin ke kaiwa.

Kafin magariba adireshin ya ɓace. Ranar kasuwa ta zagayo, ya sake bayyana.

Na gaya wa Inna, ta tofa min addu'a, ta ce na daina zama a ajin ni kaɗai. Muntaka na ji ya baza a dangi cewa iska ta shafe ni, wai aure ne maganina.

Wata ranar kasuwa da ya bayyana, na yi bisimilla na kutsa cikin geron. Ganye na yankar hannuna, ba na jin komai sai numfashina. A bayan katangar makarantar akwai wata tsamiya da yara ke gudun wucewa ta ƙarƙashinta.

Mutum ne zaune a gindinta, lulluɓe da fari.

Na ja na tsaya. Aka juyo a hankali. Tsohuwa ce cikin farar lafaya, a cinyarta wata waya mai fasasshiyar fuska. Na san wayar. Na san idanun ma.

"Ke ce Khairiyya," ta ce.

Mahaifiyar Madu ce, wadda ake kira Ya Falta. Ta ce tun da aka kawo mata wayar daga wurin hatsarin take kai ta caji, ta kasa barin ta ta mutu. Ranar kasuwa take samun mota ta zo, don ya sha ba ta labarin wurin nan. So take ta ga fuskata ko daga nesa ne.

"Amma ba zan iya sallama a gidan da aka kori ɗana ba."

Na zube a cinyarta ina kukan da aka hana ni tun damina. Tana shafa kaina, ita ma hawaye take.

Gyaran murya muka ji. Baba ne, Inna ta turo shi nema na, ban san tun yaushe yake tsaye cikin geron ba. Ya cire takalmi, ya tsugunna daga nesa, ya yi mata gaisuwa. Ya daɗe yana yi wa Madu addu'a, yana kiran sunansa. Sannan ya roƙe ta, don Allah, ta shigo gida ta sha ruwa.

Na ɗauka Ya Falta za ta ƙi. Ta dubi Baba, ta dube ni, sai ta miƙo min hannu.

"Tashe ni, 'yata. Ƙafar ta yi tsami."