I'inar Marisela

Marisela na juya wake a tukunya, mahaifiyarta Mama Ofelia ta banko ƙofar kicin.

"Fim? Ke da i'inar taki? Wancan mai gyaran firjin ne ya zuga ki, ko?"

Tun tana budurwa Marisela ke tallan kayan sawa a Los Angeles. Hotonta ya cika titi, amma mutane kaɗan suka taɓa jin muryarta, domin Mama ce ke amsa mata kowace tambaya. Mijinta Teo, mai gyaran firjin, shi kaɗai ke jira ta ƙarasa magana.

"Ma-mama, ni ce nake so..."

"Rufe min baki! Fuskarki ake so, ba muryarki ba. Dariya za su yi miki, yarinya! Ki zaɓa, ko ni ko shi!"

Ta fice. Marisela ta zauna dirshan tana rusa kuka. Teo ya sauke tukunyar, ya durƙusa gabanta.

"Haba tawa, babu wanda za ki zaɓa. Tsoro take jiye miki."

Mama ta daina ɗaukar waya. Duk da haka kowace Lahadi Teo sai ya je gaishe ta, ta bar shi tsaye a baranda. Da yamma yakan riƙe wa matarsa takardar wasan fim suna bita, shi ne saurayi, shi ne tsohuwa, har ta fashe da dariya.

Wajen gwajin shiga fim aka yi ta korar ta. Wani darakta ma agogo ya riƙa dubawa tana fama da kalma ɗaya. Ta dawo ido jajir.

"Na ha-haƙura, Teo."

"In kin gaji, ki huta. Amma ni ban gaji ba."

Sai ga wata darakta mai neman wadda za ta fito a mai jinyar mahaifinta. Ta saurare ta har ƙarshe, ta ce, "Kada ki gyara komai. Haka nake so!"

Ranar nuna fim, Mama ta lallaɓo ta zauna kusa da ƙofa, jaka a hannu, don ta gudu da zarar an fara dariya. Ba wanda ya yi. Matar da ke gefenta ma hawaye take sharewa.

Da aka fito ta rungume 'yarta. Can ta dubi Teo.

"Ɗana... Lahadi ka shigo ciki, ka ji?"

Da a ce Teo ya rama wulaƙancin nan, da Marisela ta sami fim ta rasa uwa. Haƙurinsa ne ya bar mata su duka biyun.