Hannun Da Ke Ƙarƙashin Tsumma

"Wata nawa ke nan kina ce min in jira, Bahijja?"

Mukhtar ne ya yi tambayar, yana zaune a kan tabarma a zaurenmu na unguwar Sheshe bayan la'asar. Aikin POP yake yi, adon silin, shi ya sa kullum da farin gari a girarsa kamar wani tsoho. Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafina.

"Bakwai..."

"Takwas, kin cinye ɗaya. Kawu Isyaku ya shirya zuwa tambayar aurenki tun kafin azumi. Ki gaya min gaskiya masoyiya, ko akwai wani ne?"

"Akwai," na ce a hankali. "Amma ba mutum ba ne... hannu ne."

Ya zuba min ido. Dole na ba shi labarin da ban taɓa ba kowa ba.

Babana, Malam Maharazu, yana saurayi aka tura shi Rasha karatun gini. A can ya ga aikin wani masassaƙin dutse da ya mutu tun kafin a haifi kakan Baba, amma har yau "Malamina" yake kiransa. Sunansa na gaskiya ya fi ƙarfin harshena. Tun ina ƙarama Baba ke ba ni tarihinsa: ɗan talaka ne, aka kai shi makarantar zane yana yaro, ya ci lambar zinare, aka tura shi Rum ya ƙaro sani, ya dawo ya ƙare rayuwarsa yana sassaƙa mata masu kuka a farin dutse.

"In kika ga mayafinsu," in ji Baba, "sai ki ji kamar ki miƙa hannu ki gyara musu."

Ni da ban taɓa wuce Zariya ba, sai in lumshe ido in gan ni a can, ƙanƙara na sauka kamar garin shinkafa, matan dutse na kallona shiru.

Da Baba ya dawo gida, mahaifinsa ya sa shi ya yi alƙawarin ba zai taɓa yin fuskar mutum ba. Ya riƙe alƙawarin, ya koyar da zane a sakandare har ya yi ritaya. Sai da Umma ta rasu shekara huɗu da suka wuce ya sayo yumɓu ya fara gina hannunta. Hannu kawai, daga tsintsiyar hannu zuwa yatsu.

Yumɓu kuwa ba ya son bushewa. Safe da yamma sai an jiƙa tsumma, an matse daidai, an rufe shi. In ruwa ya yi yawa yatsu su saki, in ya yi kaɗan su tsage. Idon Baba ya yi rauni, da laluben hannu yake aiki, don haka tsumman nawa ne. Ƙanwarsa Gwaggo Dije ta yarda ta dawo gidan ta kula da shi in na yi aure, amma ta rantse ba za ta taɓa abin ba.

"In na tafi zai tsage, Mukhtar. In ya tsage kamar Umma ta sake rasuwa ne a wurinsa."

Sai ya ce, "Roƙar min izini in gaishe shi."

Washegari da hantsi na shigo da shi. Baba na zaune gaban ɗan teburinsa, ya yaye tsumman da kansa. Mukhtar ya durƙusa ya gaishe shi, ya matso, ya daɗe yana kallo. Ni ina bakin ƙofa ina kallonsa shi.

"Masha Allah, Baba," ya ce. "Wallahi kamar zai motsa. Har ɗan karkacewar ƙaramin yatsanta ka fitar, ga tabon ƙunar man gyaɗan nan a bayan hannu..."

"Yatsan wa?" in ji Baba.

"Na... na Bahijja mana."

Na manta ban gaya masa Umma ba ta da tabo ko ɗaya ba. Ya ɗauka Baba ni yake kwaikwayo don ya cike abin da ya rage.

"Hannun matata ne," in ji Baba. "Tashi ka je, yaro."

Kwana uku Baba bai taɓa yumɓun ba, abinci ma sai ya ɗan tsakura. Mukhtar ya yi ta turo saƙo, "Ki yafe min, rabin raina, bakina ne ya riga tunanina." Ban ba shi amsa ba. Ina jiƙa tsumma, hawaye na ɗiga a kwanon. Da na yaye sai in ɗora hannuna kusa da na yumɓun, in yi sauri in janye.

Rana ta huɗu da safe Baba ya kira ni.

"Ba ni hannunki."

Na miƙa masa. Ya riƙe da hagu, damansa na kan yumɓun. Ya bi yatsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har ya zo kan tabon. Nan ya tsaya.

"Ummanki gajerun yatsu gare ta," ya ce. "Masu kauri... Yaushe na tsawaita su?"

"Baba..."

"Sau biyar a rana kina riƙe ni zuwa ƙofar masallaci. Hannun da na sani ke nan yanzu. Nata ya zame min tuntuni, ban sani ba."

Na durƙusa na kifa kaina a gwiwarsa muka yi kuka tare. Can ya share fuska da hannun rigarsa.

"Kin san Malamina bai taɓa ajiye yumɓu ba? Ba haka ake aikin ba. In an gama sai a lulluɓe shi da filasta irin ta masu POP, in ta ƙame a buɗe a kwashe yumɓun a zubar, a zuba sabuwar filasta a gurbin. Dole yumɓun ya lalace kafin a samu abin da zai zauna. Ni tsoro ya sa na tsaya a nan shekara huɗu, na ɗaure ki da tsumma." Ya numfasa. "Kira min mai farar girar nan."

Mukhtar ya zo da buhun filastarsa da robar kwaɓi. Ya durƙusa tun daga bakin ƙofa.

"Kafin ka fara," in ji Baba, "a ina ka ƙare wa hannun 'yata kallo har ka san tabonta?"

"Wajen... wajen miƙo ruwa, Baba."

"Lallai ka sha ruwa a gidan nan."

Na ja mayafi na rufe fuskata, dariya da kuka suka haɗe min.

Ya kwaɓa filasta, Baba na ba shi umarni kamar yana aji. Da ta ƙame aka raba ta biyu. Ni Baba ya miƙa wa cokali ya ce in kwashe yumɓun. Na kwashe shi tas, yatsa bayan yatsa. Mukhtar ya haɗe ɓarin biyun, ya zuba sabuwar filasta a gurbin yumɓun.

Bayan kwana biyu Mukhtar ya dawo ya fasa ɓawon na waje da 'yar guduma, kaɗan-kaɗan, har hannun ya fito. Fari tas, kamar na matan dutsen da nake gani in na lumshe ido. Baba ya ɗauka ya shafa, ya rungume a ƙirjinsa.

"Wannan nawa ne, ba ya buƙatar ruwan kowa," ya ce. Ya juya wajen Mukhtar. "Wancan na 'yata kuma, ka ce wa kawunka ya zo ranar Juma'a mu yi maganarsa."

Mukhtar sai godiya yake yana maimaitawa. Ni kuwa na sulale tsakar gida, na wanke tsumman na shanya a igiya. Na tsaya ina kallonsa iska na kaɗa shi har ya bushe ƙayau, karon farko cikin shekara huɗu.